Saura Mako Uku, Rata Maki Biyu da Rabi: Yadda Ake Ƙarasa Gasar Fantasin Besbol

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Bronx ne a birnin New York. Tun ina gida na saba da Fantasy Premier League, bana kuma abokan aikina suka ja ni cikin gasarsu ta fantasin besbol, inda kowa yake haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan besbol na gaske, ana ba shi maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Mu 12 ne, tsarin roto mai fannoni goma, ana canza jeri kullum. Saura mako 3 a rufe kaka, ina na biyu da maki 91, na ɗaya yana da 93.5. A satar zango (mai gudu ya tsallaka zuwa zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba) ina da 148, na sama da ni suna da 151, 152 da 155, kuma mai 152 ɗin shi ne na ɗayan. A homron (bugun da mai shi yake zagaye zanguna duka a tashi ɗaya) na ba kowa ratar 25. A sef (mai jifa ya rufe wasan da ƙungiyarsa ke gaba da ƙaramar rata) ina da 71, na samana 84, na ƙasana 58. A K (mai jifa ya kori mai bugu da jifa) ina da 1,290, na sama da ni 1,302 da 1,310. ERA ɗina (matsakaicin cin da ake ɗora wa masu jifa a inin 9, wato zagayen wasa 9; ƙarami ya fi kyau) 3.70, mutum biyu suna bin bayana da 3.73 da 3.74. Iyakar jifa inin 1,400 ce, na cinye 1,250. Kuɗin neman 'yan wasa ya rage mini dala 11, na ɗaya yana da 4. An rufe musaya, kuma ba a riƙe ɗan wasa zuwa baɗi. Babban mai buguna yana jinya, ana cewa wataƙila ya dawo makon ƙarshe. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka turo lambobi maimakon sunayen 'yan wasanka, domin a wannan gaɓar sunaye sun gama aikinsu. Kana da damar ɗaukar kofin nan sosai. Hanyarka tana cikin fannoni biyu, satar zango da K, muddin ba ka zubar da ERA garin neman su ba.

Sabonka da Premier League shi ne abu na farko da zai iya ruɗa ka. A can duk abin da ɗan wasa ya yi wuri ɗaya ake tara makinsa, saboda haka gwani gwani ne daga Agusta har Mayu. Roto kuwa, tun da Daniel Okrent da abokansa suka kafa shi a New York a 1980, tsere ne daban-daban ake yi lokaci guda. A wancan zamanin takwas, yanzu goma a yawancin gasa. Masu bugu suna da biyar: ci, homron, RBI (cin da bugun mutum ya shigar), satar zango da AVG (matsakaicin bugu mai kyau a shigar da mutum ya yi). Masu jifa su ma biyar: nasara, sef, K, ERA da WHIP (matsakaicin masu bugun da mai jifa ya bari suka isa zango a inin guda). A kowane fanni na farko ya ɗauki maki 12, na ƙarshe ya ɗauki 1. Wanda ya ba na biyu ratar homron 1 da wanda ya ba shi ratar 25, duk 12 ɗin nan za a ba su. Kenan kowane homron da mutanenka za su ƙara daga yau ba zai ƙara maka ko rabin maki ba a fanninsa, alhali sata 5 kacal za ta iya ba ka kofi.

Ga lissafin. Idan ka wuce mai 151 da mai 152, ka ƙaru da maki 2, ka zama 93. Shi kuma na ɗaya, da yake shi ka haye, ya sauka mataki guda, ya koma 92.5. Ba ka taɓa komai a sauran fannoni tara ba, amma ka riga ka hau kansa da rabin maki. Duk fannin da kai da shi kuke maƙwabtaka a teburi, makinsa biyu ne: ɗaya ka samu, ɗaya ka ƙwace. Saboda haka yau ɗin nan ka zauna da takarda, ka bi fannonin goma ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta ratar da ke samanka, ratar da ke ƙasanka, da abin da ƙungiyarka take samarwa a mako. Daga nan ka yi wa na ɗaya irin wannan aikin, kamar ƙungiyarka ce. Mutane da yawa nasu teburin kawai suke kallo, ba sa lura cewa abokin hamayya yana tsaye a bakin rami a WHIP ko a RBI, wani na uku yana gab da tura shi.

Sai dai waɗanda kake bi ba a tsaye suke ba. Sata 148 a abin da ya wuce na kaka tana nufin mutanenka suna yin wajen 6 a mako, su ma na samanka kusan haka. Abin da ake nema shi ne ka fi su da 5 cikin mako 3, wato ka riƙa yin 8 ko 9 a mako. Masu gudu biyu da ke buga wasa kullum sun isa su cike wannan giɓin, kuma zamani ya sauƙaƙa samunsu. A 2023 aka ƙara faɗin zango daga inci 15 zuwa 18, aka sa wa mai jifa agogo, aka kuma taƙaita masa yawan juyawa ya jefa wa mai gudu: sau biyu kawai a kan mai bugu ɗaya, na uku in bai kama shi ba an ba mai gudun zango kyauta. Sata ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023. A gasar mutum 12, da wuya a rasa mai sata 20 yana zaune babu mai shi, don kawai bugunsa ba ya burge kowa.

Wajen zaɓen sa ne ake yin kuskure. Gudu kaɗai ba ya sata. Shafin intanet na Baseball Savant zai nuna maka saurin kowa, matsakaici ƙafa 27 a daƙiƙa, gwanaye 30, amma akwai masu 29 da kocinsu bai sakar musu mara ba, akwai kuma masu 27 da suka iya karanta ƙafar mai jifa. Ka duba sau nawa mutum ya yi yunƙurin sata a wata ɗaya da ya wuce, ko da an kama shi, tunda a gasarku kamun ba ya rage komai. Ka duba ko yana isa zangon farko akai-akai, domin wanda ba ya isa can ba shi da abin sata. Sannan ka duba jadawali. Akwai ƙungiyoyin da kowa yake sace musu, ko don mai cafkarsu, wato mai tsugunawa bayan mai bugu, yana ɗaukar fiye da daƙiƙa 2 kafin ƙwallo ta isa zango na biyu, ko don masu jifarsu dogaye ne masu jinkirin sakin ƙwallo. Da yake kullum kuke canza jeri, kana iya ɗaukar mai gudu don wasanni uku da irin wannan ƙungiyar, ka sake shi, ka ɗauki wani.

Akwai kuma masu neman cika lamba. Ɗan wasan da yake da sata 27 a tsakiyar Satumba, 30 yake nema, kuma kocinsa ya sani. Shohei Ohtani ya shiga Satumbar 2024 da homron 44 da sata 43 yana farautar 50 da 50. Ya cika su ranar 19 ga watan a Miami, wasan da ya buga homron 3, ya yi sata 2, ya shigar da ci 10, amma bai daina gudu ba sai da ya kai 59. Sata 16 kenan a wata ɗaya. Ba za ka tsinci Ohtani a kasuwa ba, amma mai 17 da ke neman 20 yana nan.

To wa za a zaunar don a ba su wuri? Masu ƙarfin nan marasa gudu da suka ba ka ratar 25. Gwanin homron yakan buga 4 zuwa 6 a mako 3, saboda haka ko biyu ka zaunar, na bayanka ba zai kamo ka ba. Na san da ciwo, mutum ya ajiye wanda ya ɗauka a zagaye na uku na zaɓen 'yan wasa ya sa wani da bai taɓa jin sunansa ba kafin Agusta. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne homron ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da ci da RBI. Ba ka turo mini matsayinka a waɗannan biyun ba. Idan akwai wanda yake bayanka da RBI 10 ko ƙasa da haka, to mai ƙarfi ɗaya kawai za ka zaunar, kuma ka zaɓi ranakun: mai bugun hagu ya huta ranar da zai fuskanci mai jifan hagu, wanda dama ita ce ranar da ya fi rauni.

Kada tsoron AVG ya hana ka. A ce mutanenka sun shiga bugu sau 6,000 a kakar nan. Kafin matsakaicinka ya motsa da .001 sai an samu bambancin hit 6, wato bugun da ya kai mai shi zango lafiya. Ɗan wasa ɗaya zai shiga bugu wajen sau 60 zuwa 70 a abin da ya rage. Idan ya buga .300 a 60, hit 18 kenan, idan ya buga .230, wajen 14. Bambancin 4 ne, bai kai motsa lamba guda ba. Sai fa idan kai da wani kuna kankankan har lamba ta huɗu bayan ɗigo, to a nan kowane hit yana da daraja.

Yanzu ga abin da ya bambanta Satumba da sauran watanni: su wa za su buga a zahiri. Ƙungiyoyi 30 ba abu ɗaya suke nema ba a wannan lokacin. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ne ke shiga wasannin fitar da gwani, kuma biyu mafi ƙoƙari cikin zakarun shiyya a kowane ɓangare ana ɗauke musu zagayen farko. Wannan ya sa da yawa suna fafatawa har makon ƙarshe, kuma 'yan wasansu su ne abin dogaro, ko da ƙaramin ciwo za su fito. Wadda ta riga ta samu gurbinta kuma babu abin da zai ɗaga ta ko ya sauke ta, za ta fara hutar da manya, yau wannan gobe wancan, wani lokaci a cire mutum bayan ya shiga bugu sau biyu. Wadda aka fitar kuma tana son ganin yaranta, tsoho mai ɗan ciwon gwiwa a ce masa ya tafi sai baɗi. A irin waɗannan ƙungiyoyin da aka fitar ne ake tsintar yaro yana buga na farko ko na biyu a jeri kullum, yana gudu kamar ba gobe don a gan shi. Mai buga na farko a ƙungiya mai rauni ya fi maka mai buga na takwas a ƙungiya mai ƙarfi irin Dodgers, tunda kusan kullum zai fi shi shiga bugu da sau ɗaya. A da ana faɗaɗa jerin ƙungiya har zuwa 40 a Satumba, yanzu daga 26 zuwa 28 ne kawai, don haka cinkoson ya ragu, amma hutarwar tana nan.

Ka ƙirga wasanni kuma. Wata ƙungiyar ta rage 17, wata 20 saboda wasannin da ruwan sama ya ɗage. Litinin da Alhamis ƙungiyoyi da yawa suna hutu, kuma a ranakun nan ne jerin mutane ke zama da guraben banza. Ka mai da bencinka na masu bugu da za su cike waɗannan ranakun. Idan gasarku tana da iyakar wasanni ga kowane gurbi, duba inda kake baya ka cike.

Mai jinyarka kuwa, ka sake shi, sai dai in kuna da gurbin 'yan jinya da ba ya cin wuri. Ba a riƙewa zuwa baɗi, kenan babu abin da kake adanawa. Ƙananan gasanni da ake tura mai jinya ya gwada jikinsa suna rufewa kafin babbar kaka ta ƙare. In ƙungiyarsa an fitar da ita, ba su da dalilin gaggawa. In ta samu gurbi, za su dawo da shi a hankali don wasannin fitar da gwani na Oktoba, yau ya buga gobe ya huta. Mako biyu na gurbi fanko ya yi tsada a kan wasanni uku ko huɗu da ba tabbas.

A ɓangaren jifa ne za a fi buƙatar natsuwa. Inin 150 suka rage maka, kuma a yadda kake tafiya, wajen 53 a mako, za ka cinye su kafin ranar ƙarshe ko da ba ka ƙara kowa ba. Shawarar da za ka ji ko'ina ita ce a riƙa ɗauko masu jifan farko, wato masu fara wasa, daga kasuwa kullum don tara K da nasara. Wannan shawarar ta wanda yake da rarar inin ce. Kai abin da ya kamata ka tambaya a kan kowane mai jifa shi ne K nawa yake bayarwa a inin guda. Wanda yake korar 6 a inin 9 ɓarna yake maka ko da ba a zura masa ci ba, domin inin 6 da ya cinye da K 4, wani zai ba ka 7 ko 8 da su. Kafin komai ma, ka buɗe shafin mai 1,302 da mai 1,310 ka ga inin nawa suka rage musu. Idan ɗaya ya cinye 1,350, saura 50 gare shi, wato K wajen 50, kai kuma kana da 150 a gaba. Wannan ka riga ka wuce shi, sai dai teburi bai nuna ba tukuna. Idan kuma yana da 200, ka bar shi, kada ka yi asara wajen binsa.

Dalilin taka-tsantsan shi ne ERA ba ta hawa da sauka daidai wa daida. Da inin 1,250 da 3.70, an ɗora wa masu jifarka ci 514. Idan mutum ya yi maka wasa mai kyau, inin 7 ci 1, za ka sauka zuwa 3.687. Idan wani ya sha kashi, inin 3 ci 7, za ka hau zuwa 3.742. Mai kyau ya rage .013, mummuna ya ƙara .042. Dare ɗaya ya cinye ribar dare uku, kuma 3.742 ya jefa ka bayan mai 3.73 da mai 3.74 gaba ɗaya: maki 2 sun tafi saboda neman K 5. Don haka a mako biyun farko kada ka sa mai jifa na tsaka-tsaki a filin Coors na Denver, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,600 ƙwallo take tashi kamar ba nauyi, kuma kada ka sa shi gaban ƙungiyar da ke dambe don gurbi. Ka nemi masu fuskantar ƙungiyar da ta riga ta naɗe tabarma. Kowace kaka akwai irinta. White Sox sun sha kashi sau 121 a 2024, Rockies sau 119 a 2025.

Nasara kuma tana da tata ƙa'idar: mai jifan farko ba ya samun ta sai ya cika inin 5. A Satumba ƙungiyoyi suna rage wa matasa da masu dawowa daga tiyata aiki. Nationals sun tsayar da mai jifarsu Stephen Strasburg gaba ɗaya a farkon Satumbar 2012 bayan inin 159 da ɗoriya, alhali su ne kan gaba a shiyyarsu. Pirates sun bar Paul Skenes ya jefa inin 2 kacal a wasansa na ƙarshe na 2024, a nan filin Yankee da ke unguwarku. Garrett Crochet kuwa daga Yulin 2024 har aka rufe kaka bai wuce inin 4 a wasa ba, saboda haka babu hanyar da zai kawo wa mai shi nasara. Amma ka lura, ya ƙare da K 209 a inin 146. Ga mai neman nasara ba shi da amfani, ga mai irin matsayinka kuwa, mai ƙarancin inin da buƙatar K, irinsa ake nema da fitila. Idan takardarka ta nuna nasara ma tana kusa, to ka nemi wanda yake shigowa bayan mai buɗe wasa. Rays ne suka yayata wannan dabarar a 2018: wani ya jefa inin farko, sannan a kawo mai dogon zango, wanda ƙa'idar inin 5 ba ta hau kansa ba. A shekarar Ryan Yarbrough ya samu nasara 16 alhali wasa 6 kawai ya fara. Haka nan masu jifan agaji na inin 7 da 8 a ƙungiyoyi masu ƙarfi: K fiye da ɗaya a inin, ERA ƙasa, wani lokaci nasara ta faɗo musu.

Sef ɗinka ya mutu ta sama, 13 ba za su kamu ba. Ta ƙasa ma 13 ne, amma kada ka watsar da masu rufe wasanka duka yau. Mai rufe wasa ɗaya yakan samu sef 4 zuwa 6 a mako 3; idan na bayanka yana da uku kai kuma ba ka da ko ɗaya, zai iya kamo ka. Ka saki mafi rauni yanzu ka ba mai gudu gurbinsa, ka riƙe masu yawan K, waɗanda dama suna taimakon ERA. Idan saura kwana 5 ratar tana 8 ko fiye, sauran ma sun gama aiki. Kafin ka saki kowa, duba hannun da zai faɗa. In na ɗaya yana bayan wani da sef 2, kada ka miƙa masa makamin. In kuma akwai wanda yake bayan na ɗayan da sef 2, sakin mai rufe wasanka zai iya rage wa na ɗayan maki ba tare da ka motsa ba. Wannan halal ne muddin ka saki kawai ka yi shiru. Da zarar ka kira mutumin ka ce ga wane nan zan saki ƙarfe kaza ka ɗauka, ya zama haɗin baki, kuma mutanen nan abokan aikinka ne, da su za ka zauna ranar Litinin.

Dala 11 da 4: duk wanda kake so ƙwarai, 5 ta ishe ka, tunda shi ba zai iya wuce 4 ba. Sau biyu kenan za ka iya rinjayar sa kai tsaye, sai ka duba abin da sauran suke da shi. Ɗaya ta tafi kan mai gudu a makon nan, domin wanda ka ɗauka yau mako 3 zai yi maka aiki, na mako mai zuwa 2. Ɗayar ka riƙe ta ko dai don mai jifa mai wasa biyu a makon ƙarshe, ko don tare hanya: idan ka ga na ɗaya yana buƙatar sata kamar ka, ɗaukar mai gudu na uku don kada ya same shi ma riba ce. Kada dai ka ƙare da ko sisi. Kuɗin nan da inin ɗin nan kamar tumatirin da ya rage a faifai ne da magariba, abin da ba a sayar ba yau gobe ba shi da mai saye.

Da za a ce gasarku ta gaba-da-gaba ce, da magana ta canza, domin a can mako ɗaya da mutum ɗaya kawai ake kallo. Taku ta tarawa ce, shi ya sa ake iya tsara ta tun yanzu.

Ranar Lahadin da za a shiga makon ƙarshe ka sake lissafin daga tushe, domin a nan ne yawan kasadar da ta dace za ta bayyana. In ka hau gaba, ka rufe ƙofa: kada ka sa mai jifan da ba ka yarda da shi ba, ko da hakan zai bar maka inin 15 ba a taɓa ba, matuƙar K ɗinka ba ya cikin haɗari. In har yanzu kana baya da maki 2 ko 3, to duk abin da na faɗa na kare ERA ya faɗi, ka sa duk mai hannu, tunda faɗuwa da rabin maki da faɗuwa da maki 5 duk na biyu ne. Sai dai ka waiwaya ka ga na uku, musamman in akwai kyauta ga na biyu. Kasadar da za ta iya kai ka na ɗaya tana iya kai ka na huɗu, kuma kai ka san wanne ya fi damun ka.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata ka karanta tun yanzu. A wasu manhajojin, ranar da ka haye iyakar inin duk abin da masu jifarka suka yi a wannan ranar ana ƙirga maka, washegari ne ake daina ƙirgawa. Inda haka take, mutum yakan tsaya a 1,398 ko 1,399, sannan ya jera masu jifan farko biyar ko shida a rana ɗaya, ya samu inin 30 da K ɗinsu a kan iyaka. Ka tabbatar taku haka take, ka kuma tambayi shugaban gasar ko sun yarda da ita, don wasu gasannin sun haramta. In an yarda, ka sani na ɗaya ma ya san ta, kuma masu jifan da ake tsinta a kasuwa a irin wannan ranar su ne masu iya wargaza ERA da WHIP lokaci guda. Sai takarda ta nuna ribar ta fi asarar sannan a yi.

Ranar ƙarshe kuma ka keɓe mata lokaci. Tun 2015 ake fara dukkan wasannin ranar kusan lokaci guda, ƙarfe 3 na rana agogon New York, wato 8 na dare a Kano da Damagaram ga 'yan'uwan da ke bugawa daga gida. Jerin ƙungiyoyi yana fitowa sa'o'i kaɗan kafin nan, kuma za ka tarar da manya da yawa a benci, an kuma canza masu jifan da aka sanar. Ko wanda sunansa ya fito ba tabbas ne ya ƙarasa ba. A ranar ƙarshe ta 2011 Jose Reyes na Mets ya ɗan taɓa ƙwallo a shigarsa ta farko, ya isa zango, aka cire shi nan take don ya tsare .337 da ya ba shi kambun bugu. Ka shirya madadi biyu ko uku daga ƙungiyoyin da har ranar suke neman gurbi, ka zauna da waya a hannu daga ƙarfe 12.

Sannan ku yanke hukunci a rubuce, tun ba a san wa zai amfana ba, kan wasan da ya tsallake ranar ƙarshe. A 2024 guguwar Helene ta ɗage wasanni biyu tsakanin Mets da Braves a Atlanta, aka buga su ranar Litinin 30 ga Satumba, kwana ɗaya bayan kowa ya gama, kuma aka janye Chris Sale, mai jifan Braves, daga wasa na biyu saboda ciwon baya. Inin 18 ne na ƙungiyoyi biyu, kuma a tseren da rabin maki zai raba, sata ɗaya a cikinsu ta isa. Ka tura wa shugaban gasarku tambayar a makon nan, a gaban kowa, kuma in amsar ita ce ana ƙirgawa, ka bar gurbi ɗaya da dala 1 saboda ita.